Mai Kama Kan Makara

Shekaranjiya a kasuwa na ji wani mai sayar da takalma, wanda ko uwarsa ba a haifa ba a wancan lokacin, yana kumfar baki wai abin da ƙasar nan take buƙata shi ne wani Janar irin na da. Wai a zamanin Janar kana iya barin ƙofarka a buɗe ka tafi gona, ko cokali ba mai taɓa maka. Na tsaya ina kallonsa har ya tsargu ya ce, "Kaka, takalmi kike so?" Na wuce abina. Ai bai yi ƙarya ba. A garinmu Tepemaya ƙofofi sun daɗe a buɗe, don masu rufe su da masu yin satar duk rami ɗaya aka zuba su.

Ni ban taɓa sa Janar a idona ba. An ce ba ya cin nama. An ce ko tururuwa ya gani a hanya sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake ta, don kada ya ɗauki alhakinta. Soja ne da ya kwana mataimaki ya wayi gari shugaban ƙasa, ya manne a kujerar shekara goma sha uku. Wannan duk zancen mutanen birni ne, su ya dama. Ni abin da ya shigo ɗakina kawai na sani.

Sunana Leocadia. Shekarata goma sha tara a lokacin, shekara biyu da aurena da Tiburcio, mutum mai faɗin kafaɗa da sanyin hali, wanda in ransa ya ɓaci sai dai ya fita ya hau faskare. Mu ne marasa takalmi, masu tsinkar kofi a gonakin da kakanninmu suka taɓa noma masara a ciki. A shekarar nan kofi ya faɗi warwas. Masu gonaki suka rage lada, suka rage wainar masarar da ake ba ma'aikaci da rana, daga biyu zuwa ɗaya. Yunwa ta kai wasu bango, suka ɗauki adduna suka mamaye ofishin magajin gari kwana uku, suka fasa kantuna, suka kashe mutum biyu. Tiburcio ba ya cikinsu. Rana ta huɗu sojojin Janar suka hawo dutse da motoci, kuma ba su zo tambayar wa ke ciki wa ba ya ciki ba. Duk namijin da aka gani da adda a hannu, ƙafa ba takalmi, an gama shari'arsa.

Maza suka watse cikin daji. Ni na kai Tiburcio tsohuwar marina da ke bayan rafi, wadda aka yi watsi da ita tun da kofi ya kori noman baban rini. Akwai wani rami a wurin da ciyawa ta rufe bakinsa, ba wanda ya san da shi sai ni, don nan nake ɓuya ina yarinya in na fasa tulu. Kullum da safe sai in ɗora wanki a ka, waina da gishiri a ƙarƙashin tsummokara, in bi ta gaban sojoji kaina a sunkuye.

Mako ya zagayo sojoji ba su ƙara samun kowa ba, Laftanar ɗinsu ya fara gundura. Wanda ya ba shi dabara Don Ruperto ne, mai kanti, wanda ya yi shekara talatin a cikinmu yana sayar mana da gishiri da kananzir, har yarenmu yana ji. Shi ya gaya masa abin da kowane ɗan garin ya sha da nono: wanda ya riƙe ka ranar baftisma ya fi uban da ya haife ka. In ya mutu, 'ya'yansa na baftisma ne kaɗai ke ɗaukar makararsa, mace ba ta taɓawa, baƙo ba ya taɓawa. Babbansu ke kama kan makarar, kuma muddin yana numfashi ba mai tsayawa a gurbinsa. Gawar da aka ɗauka ba ta haka ba ba ta gane hanya, sai ta yi ta tsayuwa a mararraba da ƙishirwa har tashin duniya.

Tata Macario shi ne tsohon da mutum-mutumin waliyyin garinmu ke zaune a gidansa. Ya haura saba'in, bai gudu ba, ya ce ƙafarsa ta manta yadda ake yi. Yara maza goma sha biyu ya riƙe a coci. Na farkonsu Tiburcio.

Ranar Talata da hantsi suka fito da shi gindin rimin dandali, suka harbe shi, suka bar shi a nan. Aka yi shela cewa gawa tana wurin har 'ya'yanta su zo su ɗauka. Suka ajiye soja biyu a kanta. Aikinsu korar mata, ungulu kuwa ba ruwansu da su.

Washegari na sauka cikin ramin, na tarar da Tiburcio a tsugune, gemu ya cika masa fuska.

"Jiya na ji harbi," in ji shi. "Ɗaya tak. Wa suka samu?"

"Kare ne. Karen Don Ruperto ya ciji wani soja."

Ya yi 'yar dariya. "Ashe a gidan nan kare ne kaɗai mai mutunci." Ya gutsuri waina, ya tsaya. "Tata fa? Sun taɓa shi?"

Ban shirya abin da zan ce ba, bakina ne ya riga ni. "Lafiyarsa lau. Ya ce in gaya maka kada ka kuskura ka fito sai shi da kansa ya aiko. Ya ce ya sa maka albarka."

Tiburcio ya cire hularsa, ya haɗa tafin hannu, ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi a gaban tsohon kowace Lahadi. Ya karɓi albarkar mutumin da ƙudaje suka kwana a bakinsa. Ina tsaye ina kallo, kuma ban ji kunya ba. Daɗi na ji, don na san yanzu ko wuta aka kunna a bakin ramin ba zai fito ba.

Sauran matan ba su yi irin tawa ba. Kowacce ta kai wa nata labari yadda yake. Ranar Alhamis da safe muka ga sun sauko, su goma sha ɗaya, a jere. Sun yi wanka a rafi, huluna a hannu, ba mai adda ko ɗaya. Sun ɗauro makarar gora da igiya. Sun san bindiga mai jigida tana kan barandar ofishin magajin gari, ai ba ɓoye ta aka yi ba. Suka wuce ta gabanta suka kewaye tsohonsu. Wari ya kai har bakin coci, amma ba wanda ya toshe hanci.

Sojoji suka tattaro mu mata zuwa dandali, wai mu zama shaida. Laftanar yana zaune a ƙofar kanti, ƙafa ɗaya kan ɗaya, Don Ruperto a gefensa, kwalba a tsakaninsu ba a buɗe ba. Saurayi ne, fari, mai ɗan siririn gashin baki. Da ka gan shi a wani wuri sai ka ce malamin makaranta ne.

"Sannunku da zuwa, 'ya'yan kirki," in ji shi. "Ni ba mugu ba ne. Janar ma ba ya son a taɓa addinin kowa. Ku ɗauki tsohonku ku binne, kowa ya koma wajen matarsa. Amma kun ga inuwar rimin nan? In ta taɓa matakalar coci gawa tana nan a ƙasa, to na san ba jana'iza ta kawo ku ba, taron tawaye kuka zo yi."

Suka ɗora Tata a kan makara, suka rufe shi da mayafi. Kowa ya tsaya a wurinsa, biyar nan, biyar can, ɗaya a ƙafa. Wajen kai ba kowa. Suka tsaya cirko-cirko suna kallon hanyar rafi.

Anacleto shi ne na biyu bayan Tiburcio, tare suka tashi, shi ya riƙe masa kyandir ranar aurenmu. Ya dubi cikin mata har idonsa ya faɗa kaina.

"Leocadia, ina mutumin?"

"Ban sani ba."

"Haba, ƙanwata. Ke da kike wanki kullum kamar mai 'ya'ya goma?"

"Na ce ban sani ba."

Ya matso har inda sojoji suka tare shi da bakin bindiga, ya rage murya. "To ji nan. Ba na ce ki kira shi ba. Wallahi ni ma da zan iya, da na bar shi inda yake. Abu ɗaya nake so. In ya mutu, ki faɗa a gaban gicciyen nan kowa ya ji, ni sai in kama kai mu tafi. Kin gane? In ya mutu, ni ne babba."

Na gane sarai. Ƙofa ya buɗe mini. Kalma biyu kawai, ya mutu, su ɗaga makara. Amma a wurinmu wanda aka kira wa mutuwa a gaban gicciye alhali yana raye ba ya ganin ƙarshen wata. Gwaggona ta taɓa yi wa mijinta haka cikin fushi, kafin sati aka tsamo shi a rafi. Na ga gawar da idona ina 'yar shekara tara. Yau in ka tambaye ni zan ce maka giya ce ta kashe shi, don mutumin ba ya rabuwa da kwalba. Amma yau daban, ranar daban. Ranar na buɗe baki, na ga fuskar Tiburcio a cikin ruwa, harshena ya ƙi motsi.

"Ban sani ba," na sake cewa.

Nana Petrona, matar Tata, ta ratso mata ta zo ta kama zanena. Kwana biyu tana zaune a bakin dandali tana jifan ungulu da tsakuwa, muryarta ta dushe.

"'Yar nan, ki dube ni. Ni na karɓi haihuwarki. Ko ki je ki kira shi, ko ki faɗi abin da Anacleto ya ce. Ɗaya za ki yi. Ki dubi matan nan, ki dubi cikin Eulalia, wata takwas. Ba ki da tausayi ne?"

Ina da tausayi. Duk na kashe shi a kan mutum ɗaya, bai rage na kowa ba.

Rana ta take, ta fara karkata. Inuwa ta bar gindin rimi ta kama hanyar coci. Sojoji suka ci abinci a gabanmu. Laftanar ya miƙe ya yi miƙa, ya zagaya makarar yana toshe hanci da hankici.

"Ku ɗauka mana! Ƙarti goma sha ɗaya kun kasa ɗaga tsoho ɗaya da ungulu suka rage masa nauyi? Don Ruperto, ashe da gaske kake? Kai, ban taɓa ganin jakai irin waɗannan ba. Ga hanya a buɗe!"

Ɗaya daga cikinsu, Ciriaco, ya sunkuya ya kama gora. "Mu ɗauka haka nan, Anacleto. Tata zai yafe mana."

"In za mu kai shi ya tsaya a mararraba, me ya sauko da mu?" in ji Anacleto. "Da mun yi zamanmu a daji. Saki."

Ciriaco ya saki. Ya miƙe yana kuka, amma ya saki.

Tun daga nan ba wanda ya ƙara kallon hanyar rafi. Ni suke kallo, maza goma sha ɗaya da matan gari kaf. Na kafa idona a kan matakalar coci. Na ga inuwa ta zo saura taku uku, saura taku ɗaya, saura tafin hannu. Har lokacin ina da dama. Anacleto ya yi mini wani ɗan murmushi, ya ɗaga kafaɗa, ya juya ya yi alamar gicciye.

Bindigar ba ta daɗe ba. Abin da ya daɗe shi ne ihun mata. Da yamma aka kawo amalanke aka kwashe su zuwa ramin da ke bayan mayanka. Tata Macario ma da ƙafa soja biyu suka ja shi suka jefa a kan sauran. Don Ruperto ya buɗe kwalbarsa.

Washegari na ɗora wanki a ka na tafi marina. Tiburcio ya ce ya ji ruwan harsashi, na ce sojoji ne suka bugu suna harbin sama. Ya ce idona ya kumbura, na ce hayaƙi ne. Kwana tara na ƙara ina kai masa waina da gaisuwar Tata. A gari kuwa ba mai amsa sallamata. In na isa rijiya sai mata su kwashe tulunansu. Wata ta zuba mini kashin alade a bakin ƙofa, na share. Mijina yana raye, nasu ba sa raye, ina ganin na fi su dabara.

Rana ta goma aka yi shela cewa Janar ya yafe wa kowa, ƙasa ta zauna lafiya, duk wanda ke daji ya fito. Na bari sai da na ga maza uku na wani ƙauye sun shigo ba a taɓa su ba, sannan na je na ce masa Tata ya aiko.

Ya fito yana dafa bango, ƙafafunsa sun sage. Ya wanke fuska a rafi. Na ce mu je gida ya ci abinci mai zafi, ya ce a'a, sai ya fara gaida ubansa. Duk tsawon hanya ina bayansa ina neman ta inda zan fara, har muka isa ƙofar ban samu ba.

Nana Petrona tana zaune a dokin ƙofa tana ɓarar masara. Tiburcio ya cire hula ya haɗa hannu.

"Nana, na zo. Tata yana ciki?"

Ta ɗaga kai ta dube shi, ta dube ni, ta daɗe. Sai ta yi dariya, irin wadda ban taɓa ji ba kuma ba na fatan in sake ji.

"Au, ba ta gaya maka ba? Sannu da zuwa, babban ɗa. Ka yi ƙiba. Tata yana mararraba yana jiranka da ƙishirwa. Ƙannenka sun jira ka tun safe har la'asar, wajen kai a buɗe. Ka je bayan mayanka, duk suna can, ka gaishe su."

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ko ɗaya ba, har da abin da Anacleto ya roƙe ni. Tiburcio bai dube ni ba. Ya mayar da hularsa, ya nufi dandali, ni ina binsa ina kiran sunansa.

Laftanar yana wurin da yake kullum, ana goge masa takalmi. Tiburcio ya tsaya a gabansa ya buɗe rigarsa.

"Ni ne na goma sha biyu. Ka cika aikinka."

Laftanar ya kalle shi daga sama har ƙasa, ya tuntsire da dariya. "Kai ne angon da aka yi ta jira? Ka makara, aboki. Umarni ya zo daga Janar, an daina. Harsashin nan na gwamnati ne, ba na rabawa kyauta. Kai ka ma ja mini asarar kwalba guda. Caca muka yi, ni na ce za su ɗaga, don ban yarda akwai mai wauta haka a duniya ba. Don Ruperto ya ce ba za su ɗaga ba."

"Da na zo," in ji Tiburcio, "da ka sake su?"

"Da na sake su mana, ni mutum ne mai cika alkawari." Ya miƙa ɗaya ƙafar ga mai goge takalmi. "Ko kuma da ban sake su ba. Ranar ban riga na yanke ba. Rufe ƙirjinka, ina da aikin da ya dace da kai. An ce kai gwanin ɗaukar kai ne."

Ranar Lahadi aka yi jerin gwanon godiya ga Allah da ya ba ƙasa zaman lafiya. An aiko da hoton Janar daga birni, babba, cikin katako mai ruwan zinariya, ana so ɗan ƙasa mara takalmi ya ɗauke shi a gaba don a ga mun yi biyayya. Tiburcio ya ɗauka. Ya zagaya dandali sau uku da shi a kafaɗa, ya bi ta gindin rimi inda ƙasa ba ta gama shanye jini ba. Zawarawa goma sha ɗaya suna jere, sojoji a bayansu, aka ce su tafa, suka tafa. Da aka gama Laftanar ya ce tun da al'adarmu ce waliyyi ya zauna a gidan mai ɗaukarsa, to hoton ma a gidanmu zai zauna, a fito da shi duk shekara.

Na riga shi isa gida, na dafa wake, na gasa waina. Ya shigo da hoton. Na yi tsammanin duka, har na so ya doke ni. Bai taɓa ni ba. Ya ɗauko ƙusa ya kafa a bango daidai saman dutsen niƙana, ya rataye Janar, ya ja da baya ya gyara masa zama.

"Taso," in ji shi.

Na taso.

"Ina da uba, kin hana ni ɗaukarsa. Ga wanda kika zaɓa mini. Durƙusa ki gaishe shi. Haɗa hannu, yadda ake yi. Ki ce ya sa miki albarka."

"Tiburcio, don Allah. Don ka rayu na yi."

"Na sani. Ga ni ai, ina raye. Durƙusa."

Na durƙusa. Washegari ma kafin in taɓa masara ya tsaya a kaina na durƙusa, haka jibi, haka gata. Da Janar ya cika shekara goma sha uku a mulki mutanen birni suka yi yajin aiki suka kori Janar, aka ƙone hotunansa a dandali, namu bai motsa daga bango ba. Da labari ya zo cewa ya mutu a wata ƙasa, Tiburcio ya saya masa kyandir ya ce ni zan kunna. Bai ƙara kirana da sunana ba, bai ƙara dariya a gabana ba, ko zazzaɓi kuma bai cika yi ba. Na roƙi Allah ya bar mini mijina, ya kuwa bar mini shi shekara arba'in da ɗaya, kuma ko safiya ɗaya bai taɓa mantawa ya tashe ni gaisuwa ba.